Katunan Majo Safiyanu

Shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da Adar. Ina Abijan ina gadin shagon wani, ran Talata 6 ga Fabrairun 2024, matata Balkisu ta kira daga Deule ta ce Majo Safiyanu, babban ma'aikacin jinyar garinmu, ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Majo, ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba: ba ka da fara'a. Shekara tara ina yi maka shara da tafinta a ɗakin shan magani, ban taɓa jin sannu daga bakinka ba. Amma ranar da ɗiyata Mardiyya ke haki bayan kwana uku tana zawo, kowa na cewa ciwon ƙirji ne, kai ka ce: "Ƙirjinta lafiya lau. Jininta ya yi tsami, huhu ke kokawar rage shi. A ɗaura mata ruwa." Yau tana goyon ɗanta.

A kan wannan ka ƙarar da kwananka. Katuna cikin akwatin ƙarfe, gida huɗu: na ɗaya tsamin jini daga huhu; na biyu tsami daga zawo, sukari ko ƙoda; sai gida biyu na jinin da ya bar tsami ya karkata wajen kanwa, ɗaya don amai, ɗaya don saurin numfashi. Duk kalmar da marar lafiya ya faɗa, da Hausa ko da Tamajak, ka rubuta ta, ka sa ta gidanta, Faransanci a bayan kati.

Sai masu farar mota sunka zo daga Yamai, wai za su zuba sunayen cututtuka cikin ordinatar, wato kwamfuta. Kwana biyu sunka yi, rabi wajen cin gasasshen rago. Gida huɗu ya yi musu yawa, sunka tattara duka ƙarƙashin "haki". Ka ce musu ko amaryar jiya ba ta zuba tsamiya da kanwa gwangwani guda. Ɗayansu ya ce: "Tsoho, layi ɗaya ya rage muna." Su ne yanzu ke aiko da takardar ta'aziyya mai hatimi. Su riƙe abarsu.

Wanda ya gaje ka ko sadakar bakwai bai jira ba, ya fid da akwatin waje don babur ɗinsa ya samu inuwa. Masu tuya sunka kwashe katunan suna ɗora ƙosai. Ban ga laifinsu ba, takarda sunka gani. Na roƙi Balkisu ta bi su kasko kasko tana karɓowa.

Allah Shi gafarta maka, Shi sanyaya makwancinka, Shi yafe maka zafin bakinka don darajar waɗanda ka ɗaura wa ruwa. Inna Cima, matar Majo, Allah Shi ba ki haƙuri, ke da yaran duka.

Katunan sun haura dubu. Abin da ya dawo hannunmu ɗari biyu da sha ɗaya ne. Arba'in mai ya cinye rubutunsu. Na gidan amai babu ko guda.