Iya Caje da Ɗakinta na Bakin Ƙofa

Kafin jiniyar safe ta yi kuka, Iya Caje ta riga ta share ɗakinta. Ɗan tsukukun ɗaki ne a bakin ƙofar kamfanin ɗinki, benci ɗaya, labule ɗaya, ƙofa biyu. Ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon cikin kamfani. Aikinta cajen mata. Ta zazzage jaka, ta laluba ƙugu, ta shafa ƙirji, don kada a fita da zare ko yadi. Aiki ne da ba a gode wa mai yinsa. In ta wuce, mata su bi ta da tsaki. Ba ta taɓa waiwayawa ba.

A wannan watan ta ajiye aiki. Kamfani ya ba ta agogon bango, aka tafa, aka watse. Abin da ya kamata a faɗa ranar ba a faɗa ba. To, ga shi nan.

Dokar kamfanin a fili take. Mace ta haihu, a ba ta 'yan makonni, ta dawo ko a ba wata kekenta. Jariri ba ya shiga. Mai ɗinki ba ta tashi daga kan keke sai an busa jiniya, in ba banɗaki za ta ba. Doka ɗaya ce ta fi wannan ƙarfi. In Iya Caje ta kira mace caje, ko a tsakiyar aiki ne, babu shugaban layin da ya isa ya hana. Masu kamfanin ne suka kafa ta da kansu, don ba abin da suke tsoro kamar sata.

Hannunta ne ya fara ganewa. Wata rana a lokacin tashi, ta shafa ƙirjin wata yarinya da ake kira 'Yar Maɓalli, saboda a injin maɓalli take aiki. Rigar ta jiƙe sharkaf. Nono ya kumbura ya yi tauri, yarinyar ta zabura don zafi. Iya ta ja labule ta ce ta zauna. Da ƙyar maganar ta fito. Haihuwar fari ce, yaron bai cika wata biyu ba. Kullum nono ya cika sai ta tafi banɗaki, ta tatse, ta zubar a masai. Yaro kuwa yana gida wajen uwar miji, ana ɗura masa ruwa da madarar gwangwani, gudawa ta sa shi a gaba har idonsa ya faɗa. A asibiti an gaya mata zallar nono har wata shida, ko ruwa kada a ba shi.

"Malamar asibiti ta faɗa, Iya," in ji yarinyar, "amma ba ta faɗi inda zan zauna in ba shi ba. In na bar aiki, me za mu ci?"

Iya ba ta lallashe ta ba, don lallashi ba halinta ba ne. Abin da ya dame ta shi ne abincin yaro yana tafiya masai, yaro yana kwance da yunwa. Ta tambayi kwatancen gidan, ta ce ta tafi.

Ranar hutu ta je ta sami uwar mijin. Tsohuwar ta ce su da ruwa aka raine su, ga su nan ba abin da ya same su, kuma zafin nan ko babba sai ya sha ruwa, balle jariri. Iya ta bari ta gama.

"Yaya, ke kin rayu. 'Yan ɗakinku nawa aka binne kafin yaye?"

Iya ta ce mata nono da ruwansa yake zuwa, Allah bai manta ya sa ba. Abin da take so kawai, tsohuwar ta goyo yaron da hantsi, ta sake goyo shi bayan azahar, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon titi. Tsohuwar ta ce ƙafa tana damun ta. Iya ta ce ƙafar da ke kai ta gidan biki har bayan gari ba za ta kasa kai ta bakin kamfani ba. Suka yi dariya, magana ta zauna.

Washegari da hantsi Iya ta shiga cikin masu ɗinki, fuska a murtuke. Ta nuna 'Yar Maɓalli da yatsa ta ce, "Ke, caje." Shugaban layi ya kawar da kai. Bayan labule kaka tana zaune da yaro. Ya kama nono kamar zai haɗiye uwar. Bayan azahar aka sake. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ba a daɗe ba Iya ta gano sauran masu goyo, da hannun nan nata. Ta fara kiransu su ma, ta ja musu kunne kada wadda ta buɗe baki. Sai magana ta bazu cewa Iya Caje ta sa wa masu jego ido, muguwar tsohuwa, ba ta tausayin ɗanyen jiki. Mai Almakashi, wadda ta fi kowa kaifin baki a ɗakin yanka, ta tofar da yawu a gabanta. Iya ta tsallake ta wuce.

Har mijin 'Yar Maɓalli ya zo ƙofa yana huci, wai an mayar da matarsa ɓarauniya a unguwa, uwarsa kuma ta ƙi gaya masa inda take kai yaro. Maigadi ya riƙe masa hannu, ya kai shi ƙofar titi, Iya ta ɗan ɗaga labule. Ya ga uwarsa, ya ga matarsa, ya ga ɗansa ya yi kumatu. Ya juya ya tafi. Daga ranar shi yake ɗauko tsohuwar a babur.

Lafiyar yaron ce ta tona asiri. Ya shiga wata na biyar, gudawa ta tafi, murya ta buɗe. Manaja yana wucewa da baƙi masu sayen kaya, sai kuka ya tashi daga ɗakin caje. Ya yaye labule. Mata uku a kan benci, kowace da jariri a ƙirji. Ya tambayi Iya ko don wannan ake biyanta.

"Yallaɓai, an ɗauke ni in hana a fita da kayan kamfani. Ko zare ɗaya bai fita ba. Nono kuwa ba kayan kamfani ba ne."

"Amma lokacin da suke ɓatawa a nan nawa ne, ni nake biya."

"Wanda suke yi a banɗaki suna zubarwa ma naka ne. Ban ji ka yi magana ba."

Bai iya korarta a gaban baƙi ba. Da suka tafi, ya sa aka garƙame ɗakin da kwaɗo, ya mayar da ita ƙofar baya, inda ake lodin ƙyallaye a rana. Mace mai furfura, mai ciwon baya. Yaron kuwa saura masa wata ɗaya da 'yan kwanaki ya cika wata shida. 'Yar Maɓalli ta je ta same ta tana kuka, ta ce ita ce ta ja mata wannan. Iya ta ce ta share hawaye ta koma kan kekenta, kuma ko cokali ɗaya na ruwa aka ba yaron nan, ba ta yafe ba.

Kafin dare labari ya gama kamfani. Matan da suka zage ta suka san wadda suka zaga. Washegari da hantsi, lokacin da Iya ta saba shigowa, Mai Almakashi ta ajiye almakashinta, ta shiga cikin masu ɗinki ta tsaya. Ta ce ita ma a caje ta, tana jin ta saci wani abu. Ta kusa da ita ta kashe keke ta miƙe. Haka layi ya bi layi har ɗakin ya yi tsit. Ga kaya ana jira, mota tana tsaye. Manaja ya yi ta faɗa, ba wadda ta zauna. Kafin azahar ya sa aka kwashe kwalaye daga wani tsohon sito, aka shigar da bencin nan don masu goyo. Daga ranar cajen farko har yaron ya cika wata shida, bai ƙara ɗanɗana komai ba sai nonon uwarsa, uwarsa kuma ba ta rasa kekenta ba.

Daga baya kamfani ya shafa wa siton fenti, ya kafa allo, ya kira masu hoto. Manaja ya yanka zaren buɗe ɗakin yana murmushi, ya ce tausayin mata tsohon halin kamfani ne. A lokacin Iya tana ƙofar baya da buhun ƙyallaye a ka. Ba a kira ta ba. Ba a mayar da ita ɗakinta ba har ta ajiye aiki. Abin kunya ne, kuma waɗanda suka yi sun san kansu.

Ke ce kika ɗauki baƙin jini don 'ya'yan wasu su ƙoshi. Ke ce aka tofa wa yawu kika haɗiye amsa, alhali kalma ɗaya za ta wanke ki. Iya Caje, uwar masu goyo, ba ki da ofis, ba ki da hatimi, benci da labule kawai gare ki, kuma sun ishe ki.

Saura ku. Kai mai kamfani, kana da wurin ajiye motarka a inuwa, ba ka da wurin da mace za ta shayar da ɗa? Kai miji, kada ka jira sai an ɗaga maka labule. Ke uwar miji, ajiye cokalin nan. Ba a ce kowa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ɗaki ne, da benci, da ɗan lokaci.

Agogon da aka ba ta bai kwana a gidanta ba. Ta nemi ƙusa wajen maigadi, ta shiga siton ta kafe shi a bango da hannunta. Mai Almakashi ta tambaye ta dalili. Ta ce don in shugaban layi ya leƙo yana cewa lokaci ya yi, uwa ta duba da kanta.

Mun gode, Iya. Allah ya ba bayanki sauƙi, ya sa 'ya'yan nan su riƙe ki kamar yadda kika riƙe su.