Motar da ba ta tashi da turi

Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar auduga da masara tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma bai taɓa yarda bakanike ya sa hannu a motarsa ba. Da gwiwarsa ta hagu ta fara ƙin taka kuloci, sai yayyena maza suka haɗa kai suka sayo masa otomatik. Amma da sharaɗi: ranar da ta ajiye shi a hanya, za a karɓi makulli a ɗauko masa direba. A wurin Baba, gara a ce masa ya daina cin tuwo.

Da fari raina ta ya yi. Wai wace irin mota ce za ta riƙa canja wa kanta giya kamar ba ta da mai gida? Amma kafin wata ya zagayo ya san cikinta kaf. Duk Asabar zai tayar da ita, ya bari inji ya yi ɗumi, ya zaro sandar auna man giya, ya goge a farin ƙyalle, ya kai hanci. In ja ne kamar zoɓo, lafiya lau. In ya fara duhu yana ƙauri, to ranar ba mai ganinsa a majalisa. Fanbel kuwa da babban yatsa yake danna shi, ya kasa kunne.

Ni ce 'yar rakiyarsa, don ni kaɗai ce a 'ya'yansa nake aure kusa. Wata kaka muka kama hanyar Bakori gaisuwar rasuwa. Ashe motar ta kwana biyu kusa da tarin masara, ɓeraye sun shiga sun yi wa fanbel aski. Muna cikin tafiya ya tsinke, jar fitila ta kama. Baba ya lallaɓa da ita zuwa wata inuwa, ya buɗe but, ya ɗauko sabon bel da yake ajiye da shi.

"Uwata, riƙe min sifana," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na tsaya da mayafina ina miƙa masa ƙarafa, shi kuma yana ta mita da ɓeraye har kakanninsu. Bel ya zauna daram. Ya murɗa makulli, sai ƙyas. Batirin dama ya tsufa, ya ƙarasa mutuwa a hanya.

A wajenmu ba a roƙon turi. Masu casar masara a gonar gefe suna hango bonet a buɗe suka watsar da aiki, suka dafe bayan mota. "Alhaji, shiga kawai!" Baba ya shiga. Suka turo mu da gudu suna ihun "Saki! Saki!" Sai na ga ƙafarsa ta hagu tana dukan dandamali, tana neman kulocin da babu shi. Ya san sarai otomatik ba ta tashi da turi, amma ƙafar ba ta sani ba. Dariya ta zo min, na dubi fuskarsa, sai tausayi ya kore ta.

Sai da bayin Allah suka jiƙe da gumi kafin Baba ya iya faɗa musu, cikin kunya, cewa wannan ba irin tasu ba ce. Suka yi ta dariya, wani ya tafi ya ciro batirin taraktar da ke jan injin casa. Bugu ɗaya ta tashi.

Ba mu yi nisa ba wayata ta yi ƙara. Babban yayanmu ne daga Kaduna. Nan take na tuna sharaɗin nan, don labari a wajenmu ya fi mota gudu. Na dubi Baba.

"Ɗauka. Ki gaya masa yadda aka yi, kar ki rage komai," ya ce, idonsa na kan titi.

Na zayyana masa duka, har da ɓeraye da turin. Da na gama, sai Yaya ya tambaya:

"Shi da kansa ya sa bel ɗin? A bakin titi?"

"Da kansa, Yaya."

"To... tambaye shi. Tawa ma tana wani ƙara da safe in na tayar da ita. Ko in kawo masa ran Asabar ya duba min?"

Na faɗa wa Baba. Ya gyara zaman hularsa.

"Ki ce ya zo da wuri," in ji shi. "Kuma ya taho da tsohuwar riga, don shi zai kwanta a ƙarƙashi."