Raunin Da Na Sa Iro Ya Ɓoye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Iro mahauci, kuma bari in fara tona wa kaina asiri: da wautata a cikin ajalinsa. Ni da ko sunana a karkace nake rubutawa, don na shekara talatin ina jan tasi a unguwar Hindawiyya ta Makka sai na ɗauki kaina lauya.

Iro ɗan aminina ne. Daga gida aka kawo shi da bizar aikin hajji, yankan hadaya. Rana ta biyu wuƙa ta zame ta tsarge masa tafin hannu, safar hannu ta ƙarfe da aka yi musu alkawari kuwa ba ta zo ba. Ya bugo mini: "Kawu, in nuna wa mudir, shugaban aikinmu?" Na ce, "Ka haukace? Mai rauni jirgi ake sa shi a mai da shi gida. Zuba gishiri ka ɗaure, in an tambaya ka ce tamam, wato lafiya lau." Har da dariyata, wai na koya masa zaman Makka.

Ya ɗaure, ya koma cikin jini da tumbi. Kwana biyar hannu ya zama kamar tulu. Asibiti sun karɓe shi, Allah ya saka musu, amma dafi ya riga ya bi jini.

Na ɗauki laifina. To wa ya koya mana wannan tsoro? Da ya rasu, kamfanin yanka ya ce Iro ba ma'aikacinsu ba ne, na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya ce bizarsa ta ƙare da hajji, a nemi wakilin da ya turo shi daga gida. Wakili ya ce dokar can ba ta nan ba ce. Wani ofishin ya ce alhazai suke kula da su, shi ba alhaji ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ga shi babu mai aski!

Yau da Iro zai leƙo, zai ga feshin ruwa a Arfa, ya ji ana maganar dokoki masu daɗi. Amma bana ma na ɗauko mahauta biyu a tasi, ɗaya da tsumma a hannu. Na ce ya je ya nuna. Ya ce, "Baba, kai za ka ciyar da gidana?"

Iro ya bar 'ya'ya huɗu da kabari a ƙasa mai tsarki. Ni abin da ya bar mini magana ce, a bayan tasi, muna hanyar asibiti, yana rawar ɗari: "Kawu, kowane rago sai likita ya duba shi kafin in yanka. Mu fa?"