Ranar da Noelene Ta Karya Ƙugiyarta

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a kogin Clyde, daga Bothwell zuwa sama, ya san Noelene Triffitt, in ma bai san fuskarta ba to ya sha labarinta. Mace ce 'yar guntuwa mai babbar murya, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa masu askin tumaki abinci daga wannan gona zuwa waccan. Da an tashi aiki kowa ya miƙe ƙafa, ita sai ta saɓa sandar fatsa ta gangara kogi neman tirawut, kifin nan mai ɗigon ja wanda ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi. Ba ta tonon tana. Da gashin zakara da zare take ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin ƙugiya, ta jefa shi ya sauka kan ruwa a hankali kamar iska ce ta kaɗo shi.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne ido. Mu sauran inuwa da duwatsu muke gani a ƙarƙashin ruwa, ita kuwa sai ta nuna da haɓa ta ce, "Ga shi can kwance bayan dutsen nan, wutsiyarsa na motsi." Maza nawa ta tsaya a bayansu tana gaya musu inda za su jefa, su kama, su koma gari suna cika baki ko sunanta ba su ambata. Wannan bai taɓa damunta ba. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne ta ga mutum a tsakiyar bazara ya ɗaga kifi sama yana washe baki ana ɗaukarsa hoto, sa'an nan ya mayar da shi ruwa wai ya yi masa alheri. In ruwa ya yi ɗumi, kifin da ya sha kokawa da ƙugiya ko an sake shi ba ya kai labari, gobe za ka tarar da shi ciki sama. Ni ma, gaskiya, mutanen nan haushi suke ba ni. Saboda haka kafin ta jefa komai, Noelene sai ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu, yadda ake gwada ruwan wankan jariri. In ba ta ji sanyi ya cije ta ba, ranar babu fatsa.

Bazarar da nake ba da labari ita ce ta ƙarshe gare ta a kogin. Likitan ido ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa tsakiyar ganinta na mutuwa, gefe-gefe kawai zai rage. 'Yarta ta riga ta gyara mata ɗaki a Hobart, ƙarshen Janairu za a zo ɗaukarta. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. A wani gurbi mai zurfi, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar turare da ta faɗo ruwa, akwai ƙaton kifin da ta yi shekaru tana bi. Tsoho take kiransa. Sau ɗaya ya taɓa haɗiye mata ƙwaro ya tsinke zare, tun daga nan ya daina yarda da ita. Ta so ta riƙe shi a hannu ko sau ɗaya kafin ta tafi.

Ƙanenta Lyle, mai gyaran shingen gonaki, shi ya kai ta a tsohuwar a-kori-kurarsa. Ana zafi ranar, ciyawa ta bushe ƙayau, fari sai tsalle suke suna faɗawa ruwa. Kogin ya ja baya har duwatsunsa sun fito.

"Yaya, yau ni ne idonki," in ji Lyle. "Duniya ta juya."

"Kai da ba ka ganin saniya sai ta taka ka? Allah ya rufa asiri."

Ya hau kan gungumen bishiyar ya daɗe yana leƙe. Da ya yi magana muryarsa ta koma raɗa. "Yana nan. Ya fito fili, Yaya, ko ɓuya bai yi ba. Fari yake tsinta ɗaya bayan ɗaya. Yau ko ni na jefa sai ya ci."

Zuciyarta ta buga. Shekara da shekaru ba ta taɓa samun Tsoho a fili haka ba. Ta durƙusa a bakin ruwa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma. Ta cire, ta matsa inda inuwa take, ta sake tsomawa. Lyle na kallon fuskarta ya gane.

"Haba Yaya, kifi ɗaya ne fa. Ki ja shi da sauri, mu sake shi da sauri."

"Ruwan nan kamar shayin da aka manta. Tsoho ne, ba zai ɗauka ba."

"To gobe da sassafe."

"An ce zafin nan har wata mai zuwa. Ka san inda zan kasance wata mai zuwa."

Lyle ya san ba a jayayya da ita kan wannan, amma abin ya yi masa ciwo, har ya fara tattara kayan shayi da burodin naman tunkiya da suka zo da shi. Ita kuwa ta zauna kan dutse tana juya farar ƙaryar da ta ɗaura da lalube a makon nan, rawaya, ƙafafunta na gashin zakara sun ɗan karkace. Can ta ce, "Miƙo min filayar shingenka."

Ta laluba lanƙwasar ƙugiyar da babban yatsa, ta sa filaya ta datse. Ƙarfen ya yi tsalle ya ɓace cikin ciyawa.

"Yanzu me kika yi ke nan? Wa ya taɓa kama kifi da fara marar ƙugiya?"

"Wa ya ce maka kamawa zan yi? Koma kan gungumenka, malam mai ido."

Ta shiga ruwa zuwa idon sawu, ta warware zare, ta kaɗa shi baya da gaba. Hannun bai manta komai ba. Jifan farko Lyle ya ce ta yi hagu da yawa. Na biyu ya faɗa kan reshe, ta zagi Lyle, ya rama. A na uku farar ta sauka da ɗan ƙara, yadda ta gaske ke faɗowa, ruwa ya ɗauke ta a hankali zuwa gindin gungumen.

"Ya juyo," in ji Lyle. "Yana tasowa. Yaya, yana tasowa."

Noelene ta kawar da fuska gefe, kamar mai kallon tsaunin da ke hayi, domin da wutsiyar ido kaɗai take gani yanzu. Ruwan ya kumbura. Wani abu fari ya buɗe ya rufe. Sandar ta lanƙwashe, nauyin kifin gaba ɗaya ya hau hannunta har kafaɗa, sa'an nan zaren ya saki. Tsoho ya tofar da farar ya koma ƙasa lafiyarsa lau.

Ta tsaya a wurin, ruwa na wuce ƙafafunta, tana dariya ƙasa-ƙasa. Lyle ya sauko yana share fuska da hula, wai gumi ne.

"Kin gan shi?"

"Na ga farin bakinsa. Ya fi yadda nake zato girma."

Ta naɗe zarenta tsaf ba gaggawa, ta juyo ta fuskanci gangaren da ta shekara hamsin tana hawa ita kaɗai. Ta ɗan tsaya, sa'an nan ta miƙa hannu.

"Zo ka riƙe ni, Lyle. Ba na ganin hanyar."