Kwarin da Waya Ke Yankewa

A shekarun da 'yan bindiga suka hana mu sakat, ina koyarwa a Batsari, iyayena suna Zakka. Duk Alhamis nakan hau acaɓa in je gida. Akwai wani kwari a hanya, inda ƙarfen sabis na Batsari ke sakin waya tun na Safana bai karɓe ta ba. Kana tsakiyar magana sai ɗif. Minti biyu, uku, ta dawo. Mun saba, har ba'a muke yi, muna ce wa wurin maƙabartar hira.

Wata Alhamis da la'asar, mun doshi kwarin, Baba ya kira daga gona. Ba mai tsayawa a hanyar nan a lokacin, ko da hularsa ce ta faɗi.

Na gaishe shi. Baba kuwa bai san gajeruwar gaisuwa ba.

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ya iyalin? Ya 'yan makarantar taka? Mai ɗakinka ta ji sauƙi?"

Ina amsawa, ina hangen gangaren. Na ji muryarsa ba daidai ba, ƙasa-ƙasa yake magana. Raina ya ce in ce masa ya yi sauri. To wane ɗa ne zai katse wa ubansa gaisuwa?

"Madalla," ya ce. "Dama abin da ya sa na kira ka, in ka..."

Ɗif.

Da muka haura sabis ya dawo. Na kira, tana ta ringi, ba a ɗauka. Na iske Zakka ana salati. 'Yan bindiga sun tafi da Baba daga gonar, shi da mutum biyu. Bai dawo ba.

Ashe yana hangen su ya kira ni, kuma sai da ya tambayi jikin matata. Na ji haushinsa, wallahi, amma haushin kaina da na ji ya fi.

Daga baya wani mai gyaran ƙarafan sabis ya gaya mini nan gaba waya za ta riƙa sauya ƙarfe kafin ƙiftawar ido, wai masana na muhawara kan jinkirin da mutum zai iya jurewa. Na ce su zo su tambaye ni.

In ka zo? In ka ji labari? In ka ga uwarka? Na gwada duka, babu wanda ya zauna. Har yau in na shiga kwarin nan sai na kara wayar a kunne.