Dokin da Ya Zo a Jirgin Ƙasa daga Lyon

Ban taɓa mantawa da Talatar da na ƙi yanka fata ba, saura kwana huɗu wa'adin gwajina ya cika. Ku sababbin ma'aikatan atelye ɗinmu, wato shagon dukanci na Montreuil a Faransa, kun sha jin ana cewa "ƙullin Hajiya Rabi". To ga asalinsa. Lokacin ban je Makka ba, ban kuma ajiye aiki na koma rainon yara ba.

Ga wanda bai san tsarin ba, idan aka ɗauke ka aiki a Faransa akwai watannin gwaji. A cikinsu mai wurin na iya ce maka an gode, ka ɗauki jakarka. In ka tsallake, aiki ya zauna. Mijina yana karatu a lokacin, tukunyar gidanmu a kan wannan aikin take.

Mai atelye, Madame Odile, jakunkuna muke yi mata da ɗamara da kayan 'yan wasan kwaikwayo. Oda takan zo da ma'auni, a zana a takarda, sannan a yanka. Fata kuwa in an yanka ba ta komawa.

Ranar ta miƙo mini oda daga Lyon: linzami, ragama da majayin ƙirji. Na duba ma'aunin sau uku. Babana baduku ne a Zinder, kayan dawakin amalanke da na jakuna yake yi, a gindinsa na tashi. Na san babu doki mai irin wannan kai, ko jaki.

Na ce, "Madame, ma'aunin nan da gyara. Sai na ga dokin."

"Rabi, bi takarda kawai."

"A gidanmu ba a yanka fata sai hannu ya taɓa dabba. Mai ita zai gaya maka girmanta, ba zai gaya maka inda take jin ciwo ba."

Kunnuwanta suka yi ja. Ta ce, "Za ki gan shi. Kar dai ki ce ban hana ki ba." Ta ɗauki waya.

Ranar Alhamis da hantsi ina leƙen taga ko zan ga motar dawaki, sai ga mata da miji daga tashar jirgin ƙasa, kowanne ya haura hamsin. Mijin, Monsieur Thierry, ƙato ne mai furfura. Ya cire hula ya ce, "Bonjour madame. Ni ne dokin."

Na yi salati a zuci. Basillar da ke hannuna ta faɗi.

Matar, Madame Sabine, ita ta yi bayani, ko kunya babu a muryarta. Suna da ƙungiya ta manyan mutane zalla, sukan haɗu a wata gona bayan Lyon. Wasu su zama dawaki, a sa musu kaya, su ja ƙaramin keke, wasu su riƙe ragama. Kowa da yardarsa, kuma kafin a fara sai an zauna an faɗi abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Tunda mai linzami a baki ba ya magana, in yana son a tsaya sai ya buga ƙafa sau uku.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na taɓa ganin mace tana cewa ta yarda alhali idonta na kuka. Na ce matar ta fita, ina son magana da shi shi kaɗai. Madame Odile ta harare ni, hararar da na karanta sallamata a ciki. Amma Sabine ta fita ba gardama.

Na ce, "Monsieur Thierry, tsakaninka da Allah, tilasta maka ake yi?"

Ya yi dariya har da riƙe tebur. "Ni na roƙe ta, madame! Shekara biyu ina roƙo. Ni ne mai kula da tsaron ma'aikata a wata masana'anta a Saint-Fons. Duk mako ran mutane na wuyana. Ranar Asabar ina son in zama wanda ba a tambayarsa komai."

Na ce ya sunkuyo in auna wuya. A ƙarƙashin kwalar rigarsa na ga tabo, ja, irin wanda nake gani a jakunan da aka ɗaure da igiyar leda. Da ƙyar ya faɗa mini. Tsohon kayansa ta baya ake ɗaurewa, hannunsa ba ya kaiwa. Wata rana ya yi tuntuɓe, majayi ya hau maƙogwaro. Ya buga ƙafa sau uku, amma a kan ciyawa ne, matar ba ta ji ba. Tun ranar take tsoron riƙe ragama.

Azahar ta yi. Na shiga ɗakin ajiyar fatu na yi salla, na daɗe a zaune. Wasan nan ba namu ba ne, ban kuma ce muku ya dace ba, hisabi na Mai sama ne. Amma ko na yi ko ban yi ba, bawan Allahn nan zai sa kaya ran Asabar. Abin da ya rage a hannuna shi ne, wanda zai shaƙe shi ko wanda zai sake shi.

Sai na tuna ƙullin da Baba ke yi wa dawakin amalanke, don in dabba ta faɗi a ja igiya ɗaya komai ya warware. Na yanko ragowar fata na haɗa majayi na gwaji, na sauke shi daga wuya zuwa ƙirji, na kawo bakin igiyar cikin tafin hannunsa. Na kira Sabine ta dawo, na ɗaura masa a kan rigarsa.

"Ja da ƙarfi kamar keken kake ja," in ji ni, na riƙe ta baya. Ya ja har ya kusa kayar da ni, ƙulli bai motsa ba. "Yanzu ja wannan da yatsa ɗaya."

Kaya suka zube ƙasa gaba ɗaya.

Sabine ta rufe baki, hawaye na zuba. Ta ce, "Yanzu ba sai na ji bugun ƙafarsa ba."

Thierry ya ce, "Shekara talatin ina aikin tsaro, ban yi tunanin wannan ba."

"Ai ba ka yi zaman Zinder ba," na ce.

Washegari Madame Odile ta ajiye takardar tabbatar da ni a aiki a kan tebur. Kafin in sa hannu na ce ina da sharaɗi: duk kayan da za a ɗaura wa ɗan Adam, sai an ga mai sawa shi kaɗai, kuma igiyar warware ƙullin ta zama a hannunsa. Ta ce, "Ke ce ake gwadawa ko ni?" Ta rubuta dai. Dokar da kuke bi yau ke nan.

Abin da na koya, 'yan'uwa, mai biyan kuɗi daban, mai sa kaya daban, baduku kuma na mai sa kaya ne. Ba sai kin fahimci mutum za ki tsare masa wuya ba. Ki taɓa, ki tambaya, sannan ki yanka.