Katakon Masta Seidu

Aikin farko yau: karanta geji, agogon da yake nuna ƙarfin gas na inji, ƙarfe bakwai.

Ina tsaye a bayan ɗakin sanyi da littafina, Mma Hawa mai kifi ta shigo a jiƙe, ta ce, "Krakye, ba ka ji ba? Masta Seidu ya rasu bayan asuba a unguwar Dichemso."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na rubuta lambar gejin duk da haka. Ban san dalili ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne fita, wato makanikin da yake kula da injin ɗakin sanyinmu na Bantama a nan Kumasi, inda mata suke ajiye kifinsu. Ni magatakarda ne kawai. Shi ne ya sa mini suna Krakye, wato ɗan boko a yaren garin nan, wai don na yi sakandare. Tun bara da aka ce baƙi su bar ƙasa, abokan aikinsa biyu suka tafi, ya rage shi kaɗai.

Kullum da ƙosai yake zuwa, a ganye, rabi nawa ne. Da matata ta haihu, fankar ɗakinsa ya kwance ya kawo mana.

Abu ɗaya ne ban taɓa fahimta ba. Kwandensa, wato ƙarfen nan mai fanka da yake fitar da zafin injin, iska yake so. Haka na karanta. Shi ma Masta da rani wanke shi yake yi, ya kafa masa rumfa. Amma in gari ya yi sanyi da damina, sai ya ɗauko wani katako ya rufe masa rabin fuska.

Wata rana na cire katakon, ina ganin gyara na yi. Kafin azahar kifi ya fara laushi.

Bai yi faɗa ba. Dariya ya yi. "Krakye, littafinka a Ingila aka rubuta, ko ya san ruwan Kumasi? In kwandensa ya yi sanyi da yawa, gas ba ya samun ƙarfin tafiya. Kai kana fita aiki ba ka sha koko ba?"

Na gyaɗa kai, amma wallahi ban gane ba.

Juma'ar da ta wuce muka rabu. Ya nuna mini ɗigo biyu na jan fenti a kan geji, ya ce, "Allura ta zauna tsakaninsu. Sauran zan koya maka Litinin, in ka bar rubutu ka buɗe ido."

Yau ce Litinin.

Ruwa bai tsaya ba tun safe. Allura ta faɗi ƙasa da ɗigon farko, ga kifin mata tara a ciki. Mma Hawa ta ce, "To mai boko, mu je jana'iza ko mu tsaya mu binne kifi?"

Na ɗauko katakon. Sai na ga layi uku a bayansa da fensir, babu rubutu. Na tura shi zuwa layin farko, na jira. Shiru. Na tura zuwa na biyu. A hankali allura ta hau, ta tsaya a tsakiya.

Daidai na yi ko sa'a ce, ban sani ba. Mun dai samu sallar gawa, kifi kuma yana nan da ƙarfinsa.

Allah Ya jiƙan Masta Seidu, Ya sanyaya masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Gobe:
- Cire katako in rana ta fito.
- Kai wa iyalinsa akwatin kayan aikinsa da fankarsu.
- Tambayi Masta amfanin layi na uku.

Na rubuta na ƙarshen kafin in tuna. Na kasa soke shi.